Motar da Baba Bai Taɓa Gani Ba

Na manta abubuwa da yawa na zaman da na yi a Ingila. Na manta lambar flat ɗin da na fara sauka, na manta fuskokin wasu da muka yi shekara uku muna gaisawa kullum. Amma watan da na yi ina neman tsohuwar mota, da Asabar ɗin da na je Manchester ganin wata, wannan kam ko tsufa ya rikita ni ba na jin zai fita daga raina.

A lokacin ina shekara ta biyu a karatun digirina na uku a jami'ar da ke Edgbaston, a Birmingham. Muna zaune a Sparkhill, a saman wani shagon kayan amare kusa da Stratford Road, ni da 'yata mai shekara shida. Maigidana yana Kaduna, aikinsa bai bar shi ya biyo mu ba. Kullum sai na kai yarinyar makaranta, in shiga bas biyu kafin in isa uni, da yamma kuma in yi ta sauri kada a tashe su ban iso ba. Wata rana ruwa ya yi mana dukan tsiya a wurin jiran bas, yarinyar ta kwana uku tana tari. Daga nan na yanke shawarar sayen mota, ko wace iri ce, tunda na riga na ci jarrabawar tuƙi.

Wata abokiyar karatuna ce ta ja min kunne. Ta ce kada in kuskura in sayi mota ban duba tarihin MOT ɗinta ba. A can, duk motar da ta wuce shekara uku sai an kai ta gwajin lafiya sau ɗaya a shekara, shi ake kira MOT. Sakamakon kuma yana nan a shafin gwamnati, kowa yana iya gani. Lambar motar kawai za ka sa, sai ga shi nan a jere shekara bayan shekara: ta ci ko ta faɗi, mil nawa ta yi, da kuma abin da mai gwajin ya gani wanda bai kai a kayar da ita ba amma ya kamata a gyara. Wannan na ƙarshen shi suke kira advisory. Na buɗe na mota biyu, na karanta, na rufe. Turancin na gane, amma ban san wanne ne abin tsoro ba, wanne ne ba komai ba.

Sai na tuna da Baba.

Babana direban tirela ne. Ya yi shekara talatin da wani abu tsakanin Funtuwa da Legas, har idonsa ya fara hazo ya ajiye. Mun tashi muna ganinsa kwana biyu a gida, sati biyu a hanya, kuma ko yana gidan ba mai yawan magana ba ne. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce min. Tun da na zo Ingila, wayarmu da shi ba ta wuce minti biyu. "Uwata, ya sanyi? Ya yarinya? Ya karatu? To, Allah ya yi albarka. Ga Innarki." Shi ke nan. Ba faɗa muke ba, ba mu dai da abin cewa ne.

Ranar na kira shi bayan la'asar, lokacin da na san yana kan bencinsa a ƙofar gida. Da ya zo kan "ga Innarki" sai na ce, "Baba, tsaya, wurinka na kira. Mota nake so in saya, kuma akwai takardarta da ban gane ba."

Sai na ji ya ce wa wani a gefensa, "Rage rediyon nan." Ya dawo ya ce, "Karanto."

Na fara karantawa ina juya masa zuwa Hausa. Shekara kaza, ta ci, amma tayar gaba ta suɗe. Shekara ta gaba, ta ci, tayar gaba ta suɗe. Ta gaba kuma, ta faɗi saboda taya.

"Tsaya nan," in ji shi. "Bar wannan."

"Baba, ai taya ce kawai, kuma an canza."

"Shekara uku ana gaya masa magana ɗaya, bai ji ba sai da aka kayar da shi. Wanda bai canza tayar da yake gani da idonsa ba, kina jin yana canza baƙin man da ba ya gani? Karanto wata."

Wayar ranar ta kai minti arba'in. Inna ta gaya min daga baya cewa har leƙowa ta yi, ta ɗauka wani abu ne ya faru.

Haka muka shiga. Kullum idan na ɗauko yarinya daga makaranta na ɗora tukunya, sai in jingina wayar da kwalbar mai in kira shi. Yakan sa in mayar masa da mil zuwa kilomita, shi kuma ya mayar da kilomita zuwa Legas. "Wannan ta je Legas ta dawo sau tara a shekara, ba ta wahala ba." Wata rana muka ci karo da motar da ta yi mil dubu casa'in wata shekara, shekara ta gaba kuma ta koma dubu sittin. Baba ya yi dariyar da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba, har da tari.

"An juya agogo! Ashe can ma akwai 'yan tasha?"

"Akwai su, Baba, sai dai su suna sa kwat."

Zan faɗi gaskiya a nan, tunda shekaru sun wuce. A sati na uku na riga na ga mota biyu da za su yi min, a nan Birmingham ma, amma ban je ganinsu ba. Na ci gaba da kwaso lambobin motocin da ban da niyyar saye, har da na maƙwabta da ke fake a layinmu, don kawai in samu abin karanta masa. Ina da shekara talatin da huɗu, a karon farko ina jin yadda babana yake tunani, yadda yake zolaya, yadda yake jan "tooo" idan abu ya burge shi. Ban so a gama ba.

Ana haka sai aka sa tallar wata mota a group ɗinmu na 'yan Najeriya. Ƙarama ce, ruwan toka, shekararta goma sha huɗu, tana Longsight a Manchester. Na sa lambarta, na kira Baba.

Shekarun farko ba abin cewa. Mil dubu biyar, dubu shida, tana ci kullum. Idan an rubuta abu bana, baɗi babu shi. Sau ɗaya ta faɗi saboda ƙwan fitila, aka sake gwadawa a ranar ta ci. Baba ya ce, "Tooo." Sai kwatsam shekara uku a jere ta yi kusan mil dubu ashirin-ashirin. Na ce masa ni nan ne ya ba ni tsoro, don abokiyata ta ce idan mil ya yi tsalle haka, taksi aka yi da ita.

"Me aka rubuta a shekarun?"

"Taya. Sai tsakuwa da ta fasa gilas kaɗan. Sai taya kuma."

"Birki fa? Ƙafa fa?"

"Babu."

"To ba taksi ba ce. Taksi birki take ci da ƙafa, saboda tsaya-tafi da ramukan cikin gari. Wannan doguwar hanya ce mai kyau, kuma hanya ɗaya ce. Akwai wanda yake zuwa gani. Ci gaba."

Bayan nan ta koma dubu biyar ɗinta. Sai ta sauka dubu biyu. Sai ɗari takwas. Shekara biyun ƙarshe kuwa ko mil ɗari ba ta cika ba, kuma duka biyun an rubuta abu ɗaya: bututun birki ya fara tsatsa.

Ina jin kukan tumaki a bayan Baba da sallamar masu wucewa. Can ya ce, "Uwata, mutum ɗaya ne ya riƙe motar nan, kuma dattijo ne. Jikinsa ya ƙi, shi ya sa tafiyar ta ragu. Shekara biyun ƙarshen nan kuwa ba hannunsa ba ne. Mutumin da ya yi shekara goma ba a gaya masa magana sau biyu ba, ba zai bar birki ba. Ko yana kwance, ko ya riga mu."

Na yi dariya na ce, "Baba, duba ka koma yi?"

"Ba duba ba ne, tuƙi ne. Je ki gan ta. Amma ki kira ni kafin ki ce komai."

Asabar da safe na bar yarinya wurin maƙwabciyata, na hau jirgin ƙasa zuwa Manchester, daga tasha na shiga bas ɗin Stockport Road. Na sauka kusa da kasuwar Longsight, na wuce shagunan mahauta da masu kayan miya, na shiga wani layi na gidajen jan bulo manne da juna. Tun daga nesa na gane ta. Tana fake a bakin titi, busassun ganye sun taru a gindin gilas, gansakuka ta fito a robar tagogi. Amma ciki tsaf, har da ɗan matashi a kujerar direba.

Wadda ta sa tallar ta fito da makulli a hannu. Matashiya ce, ba ta kai talatin ba, haifaffiyar can, Turancinta irin na Manchester wanda sai na kasa kunne sosai. Ta ce motar babanta ce, ita tana da tata, mamanta kuma ba ta tuƙi. Na ce ta yi min haƙuri in kira nawa baban. Na matsa gefe na ce, "Baba, na iso, ga ni gabanta."

Sai na ji murya daga cikin gidan. "Wa nake ji yana Hausa a ƙofata?"

Wata dattijuwa ce ta fito tana dogara sanda, da rigar sanyi a kan zani, da ɗan gicciye a wuyanta. Maman matashiyar ce, 'yar Jos, ta yi aikin jinya a Ingila har ta yi ritaya. Ta kama hannuna da hannu biyu. "'Yata, daga ina? Funtuwa? Kai, Allah mai iko. Shigo ki sha shayi, mota ba gudu za ta yi ba."

Na ce wa Baba zan sake kira. Muka zauna a ɗan falonsu. A bango akwai hoton wani dattijo da hular sanyi, yana murmushin da bai buɗe baki ba. Ban tambaya ba, Mama da kanta ta ce shekara biyu ke nan da wata uku da rasuwarsa. Kafin nan ya yi shekara biyu yana fama da zuciya, ba ya zuwa ko'ina da motar sai wurin GP, wato likitan unguwa, da coci. Daidai yadda Baba ya faɗa. Na ajiye kofin.

"Ni ce na hana a sayar," in ji ta. "Kowace shekara sai na sa yarinyar nan ta kai ta MOT, duk Lahadi ta tayar da ita. Idan na ɗaga labule na gan ta, sai in ga kamar ya je kasuwa ne da ƙafa."

Na yi ta juya tambayar a raina kafin na yi ta. Na buɗe wayata na nuna wa 'yar shafin, na ce akwai shekara uku da motar ta yi tafiya sosai, ko ta san ina aka je? Ta karɓi wayar tana cewa ba ta sani ba, babanta ba ya zuwa ko'ina. Ta kalli shekarun. Ta ƙara kalla. Sai fuskarta ta canza.

"Mum," ta ce a hankali, "shekarun da nake uni ne."

"To da fa?" in ji Mama. Ta juyo wurina. "A Birmingham ta yi karatu, a Edgbaston ɗinku. Watan farko ta bugo waya tana kuka, ta ce ba za ta iya ba, gida za ta dawo. Ya ce ba ta dawowa, shi zai je. Laraba rabin rana yake aiki a ofishin ƙaramar hukuma, yana tashi sai ya ɗauki kula ya kama hanya. Lahadi kuma daga coci. Ni in yi tuwo da miyar kuka, ko gwate, shi ya kai. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. Har ta gama bai fasa ba."

Yarinyar ba ta ɗago ba. Da Hausarta mai tsalle-tsalle, tana haɗawa da Turanci, ta ce, "Har faɗa nake masa. Ina cewa yana ba ni kunya gaban friends ɗina. Wani lokaci a bakin station ɗin da ke kusa da uni zan karɓi kular in ce ina da lecture, ko zama a motar ba na yi. Sai ya ce okay, ya juya." Ta sa yatsa a kan lambobin. "Na san yana zuwa. Ban taɓa haɗa shi wuri ɗaya na ga yawansa ba."

Ta miƙo min wayar ta shiga kicin. Muna jin ta buɗe famfo don kada mu ji kukanta. Mama ta ce in bar ta, wannan kukan ya daɗe yana jiran ta.

Da ta wanke fuska muka fita wurin motar. Na kira Baba na sa shi a sifika. Ban ce masa ya canka daidai ba, na ce masa dai mai motar ya rasu, ga matarsa, kuma tana jin Hausa. Suka gaisa kamar sun san juna. Ya tambaye ta unguwarsu a Jos, ya ce ya sha ɗauko dankali a can. Sannan ya ce, "Mama, Allah ya ba ku haƙuri. Ban taɓa ganin maigidanki ba, amma da mun haɗu a hanya, da kwano ɗaya za mu ci abinci." Mama ta share ido da bakin mayafinta ta ce ta gode.

Daga nan ya koma direba. "Uwata, buɗe bonet. A tayar." Ta tashi a bugu na biyu. "Kawo wayar kusa. Ba nan ba, gefen bel. Ce mata ta taka kaɗan. Saki. Sake takawa." Ina tsaye a titin Longsight, iska tana kaɗa mayafina, na miƙa waya cikin inji, wani Bature da karensa ya tsaya yana kallonmu. A Funtuwa kuma tsoho ya manna waya a kunne ya rufe idon da dama ba ya gani sosai da shi.

"An ba injin nan haƙƙinsa," in ji shi. "Zai kai ki ki gama karatu. Amma yau ba za ki hau babban titi da ita ba. Mota idan ta zauna, ta ƙasa take ruɓewa. A kai ta gareji a ɗaga, ki ga bututun nan da idonki."

Na so in yi gardama, don na ci burin komawa da mota a ranar. Ya ce, "Jikata za ki ɗauka a ciki." Na haƙura.

Akwai gareji a kwanar layin, yarinyar ta lallaɓa ta kai ta a hankali. Bakaniken ya ɗaga ta, ya haska fitila, ya kira mu. Ya taɓa bututun da sukundireba, tsatsa ta zubo kamar garin barkono. Ya ce birki ɗaya mai ƙarfi a babban titi zai iya fasa shi. Da muka koma muka gaya wa Mama, ta dafe ƙirji ta ce, "Da na sa ki a hatsari da hannuna." Ta ce ita za ta sa a gyara, don mai motar ba zai yarda ta bar gidansa a haka ba. Na koma Birmingham a jirgi.

Asabar ta gaba na dawo. An canza bututun, an wanke ta, an sake yi mata MOT ta ci babu ko advisory ɗaya. Da muka gama takardu, sai na ga Mama ta sako takalmi da jakarta. Ta ce, "'Yata, zagaya da ni sau ɗaya." Ta zauna a gaba, a wurinta. Na bi da ita ta gaban kasuwa, ta gaban cocinsu, ta gaban wurin GP. Duk tafiyar hannunta yana kan murfin akwatin gaba. Da muka dawo ta sauka, ta cire ɗan matashin kujerar direba ta rungume, ta ce in je, Allah ya tsare.

Ban taɓa tuƙi mai nisa haka ba. Na kama babban titin M6, manyan motoci suna wuce ni suna girgiza ni. Da na ɗan natsu sai tunani ya zo. Wannan hanyar ce mutumin nan ya yi ta bi, Laraba da Lahadi, da kula a kujerar baya. Sai na tuna da tawa makarantar. Na yi shekara shida a makarantar kwana ta 'yan mata a bakin hanyar Zariya, kuma ko sau ɗaya Baba bai zo min ranar ziyara ba. Inna ce take zuwa, ko yayana. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma abin ya zauna min a rai shekara da shekaru. A kan hanyar nan na ji kishin yarinyar Longsight, har hawaye ya hana ni ganin gabana sosai. Na ratse wurin hutawar matafiya na tsaya.

Na kira shi na ce na ɗauko, tana tafiya lafiya. Na ba shi labarin kular tuwon, wanda ban ba shi ba a satin da ya wuce. Ban yi niyya ba, bakina ne ya suɓuce. Na ce, "Ita kam ta yi sa'a. Ni ko sau ɗaya ba a zo min ba."

Na yi nadama tun kafin in rufe baki. Har sai da na duba ko wayar ta katse.

"Uwata," ya ce, "kayan mutane ne a bayana, kuma tirela ba ta da wurin tsayawa a gaban makarantarku. Amma duk wucewar da zan yi, zuwa da dawowa, idan na zo saitin katangar nan sai na rage gudu na danna hon sau biyu. Dogo ɗaya, gajere ɗaya. Na ɗauka kina ganewa."

Ban gane ba. Wallahi ban gane ba. Makarantarmu a bakin titi take, hon muke ji daga safe har yamma, muna aji, muna wanki, muna layin abinci. Shekara shida babana yana gaishe ni ta kan katanga, ni kuma ina ciki ina jin haushinsa. Na kifa kaina a kan sitiyarin mutumin da ban sani ba na yi kuka sosai, mutane suna wucewa da kofin shayi a hannu. Baba bai kashe wayar ba, bai kuma ce in yi shiru ba. Da na lafa sai ya ce, "Sha ruwa. Kada ki tashi sai idonki ya washe. Ki riƙe layin masu tafiya a hankali."

Kwana biyu bayan nan na kira shi gaisuwa, ina fargabar mu koma minti biyunmu. Mun gama ya sanyi, ya yarinya, sai ya yi gyaran murya ya ce, "Yanzu shi ke nan, babu sauran motocin da za ki karanto min?" Ashe shi ma bai so a gama ba. Muka ci gaba. Duk ɗalibin da zai sayi mota a cikinmu, lambar sai ta biyo ta wurina, ni kuma in kai wa Baba. Har suna aka sa masa a group ɗin, Injiniyan Funtuwa, kuma da na gaya masa ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce idan na dawo sai na tuƙa shi zuwa Zariya ya ji hannuna, don bai taɓa zama a motar da 'yarsa take ja ba. Na ce in sha Allah, da na gama.

Saura wata biyar in gama Allah ya karɓi abinsa. Ciwon kwana biyu ne. Kafin in samu jirgi an riga an kai shi. Motar kuwa ta kai ni har ƙarshen karatu kamar yadda ya ce, ba ta taɓa tsaya min a hanya ba.

Yanzu ina Kaduna, ina koyarwa. Hanyar Funtuwa ta gaban tsohuwar makarantarmu take bi, kuma har yau ban iya wuce katangar nan da cikakken gudu ba. Ba tuƙa shi da ban yi ba ne ya fi damuna. Abin da ya fi ci min rai shi ne shekarun da na ɓata ina gaishe shi kawai. Ina da uba mai ilimi cike da ciki, mai ban dariya, mai lura, amma sai da na kai shekara talatin da huɗu, na tsallaka teku, sannan na yi masa tambayar da yake da amsarta.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa duk wanda iyayensa suke raye. Gaisuwa wajibi ce, amma ba ta isa ba. Tsofaffinmu da yawa ba su iya cewa sun yi kewarka ba, ba a koya musu ba. Nemi abin da suka sani ka tambaye su, ko da kana ganin ka fi su boko, ko da kana iya samun amsar a waya. Ta nan suke buɗe baki. Jiya ma na kira Inna na ce ta koya min yadda ake dambun zogale. Na fi shekara ashirin ina yinsa, kuma ina jin ta san haka. Amma ta gyara zama ta ce in ɗauko biro, muka yi awa guda.